Likkafanin da Iya Ta Kaɗa Yana Nan a Gidana

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, kuma kada ka yanke komai ko da rubutun ya yi tsawo, domin wanda bai ji farkon ba zai ce abin bai kai ya kawo ba. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ya rage mini, kaina kuma ya kulle.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a Dutse, ina zaune a Takur da iyalina, amma asalinmu 'yan wani ƙauye ne a bayan Aujara. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙan namu da naku. Ni ne babban ɗansa namiji, a gidana ya yi jinya, a hannuna ya cika, ni na tsaya a kan komai tun daga takardar asibiti har rabon 'yan tufafinsa. Har yau in na je gida mutane cewa suke wane ya yi wa mahaifinsa abin da ya dace, Allah ya ba shi masu yi masa. Ni kuwa duk wanda ya faɗi haka sai in kau da kai, saboda na san abin da ke ƙarƙashin gado a ɗakin baƙi na gidana.

Sai na koma baya sosai kafin ku gane. Kakan Babana sunansa Malam Idi. A farkon zuwan Turawa, in Bature zai yi tafiya aikowa ake yi wurin dagaci ya ba da mutanen da za su ɗauki kaya, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. Ana tsakiyar girbin gero ɗan aiken dagaci ya same shi a gona, aka ce kwana bakwai ne, su kai kaya Kano su dawo. Ko gida ba a bar shi ya shiga ya yi sallama ba, magirbinsa ya miƙa wa maƙwabcin gonarsa ya ce a kai wa matarsa. Waɗanda aka ɗiba tare da shi sun dawo bayan wata da watanni, suka ce daga Kano ƙara musu kaya aka yi aka nausa kudu da su, zazzaɓi ya kama Malam Idi a hanya, aka kwantar da shi a gindin wata tsamiya, a wani zango da su kansu ba su san sunansa ba, aka ajiye masa goran ruwa a gefe, ayari ya wuce. Sun ce da suka waiwaya yana numfashi. Daga nan ba wanda ya sake ganinsa, da rai ko ba rai.

Matarsa, wadda duk zuri'armu muke kira Iya, lokacin shekararta ɗaya a ɗaki, ga ƙaramin ciki. Abu biyu ta yi waɗanda suka biyo mu har yau. Na farko, kullum in an kwashe tuwo sai ta sa malmala ɗaya a akushinsa, ta rufe da faifai ta ajiye a zaure, wai kada ya dawo ya tarar ba a yi da shi ba, gari na wayewa a ba duk mabuƙacin da ya fara sallama. Tuwon matafiyi muke ce masa. Na tashi na tarar ana yi, har na taɓa shan duka a kansa ina yaro, don na gutsura ta ƙasa na mayar da faifai ina ganin na iya wayo. Na biyu, ta ɗebi audugar da ya shuka da hannunsa a gefen gona, ta zauna tana kaɗi, da niyyar in ya dawo a saƙa masa riga. Shekara ta zagayo, wata ta zagayo, zare yana ta taruwa. Da limamin garin ya ce jira ya isa ta shiga takaba, sai ta kai zaren wurin masaƙi ta ce kada a rina, a bar shi fari. Rigar ta koma likkafani, tunda a cewarta ba zai yiwu a ce mutum yana da mata a duniya ba kuma ya tafi ba sutura. Ta naɗe shi ta sa a adudu, kwandon nan mai murfi da tsofaffi ke ajiye tufafi, tana jiran ranar da za a kawo mata ko da ƙashinsa ne.

Ɗan da ta haifa, wato kakana, shi ta so a sa wa, sai Allah ya karɓi ransa a wurin aikin Hajji aka binne shi can. Babana kuwa da aka haife shi sunan Malam Idi aka mayar masa, Iya ta karɓe shi tun daga yaye, shi da yayarsa wadda muke kira Gwaggo. Maigida take ce masa, kun san wasan kaka da jika, sai dai nata ba duka wasa ba ne. Da ta ji ajali ya matso ta kira su biyun, ta danƙa wa Baba adudun ta ce kai ne mai sunansa, ranar da ka mutu a naɗe ka a cikin wannan, in an binne ka an binne shi. Ita kuma Gwaggo, Iya ta bar mata akushi, ta ce kada ki fasa ajiye tuwon sai ranar. Gwaggo ta yi aure kusa da gida, ta dawo gidan bayan mutuwar mijinta, kuma ko a ina take tuwon nan bai taɓa fashi ba, ko a shekarun da su kansu ba sa ƙoshi.

Da ciwo ya kama Baba na ɗauko shi na dawo da shi Takur. Mutumin da ya bar carbinsa na gado a ƙauye saboda mantuwa, amma adudun nan a cinyarsa ya riƙe shi har Dutse. Sau uku yana yi mini maganarsa. Na ƙarshe a gadon asibiti ne, ya kama wuyan hannuna ya ce, «Ban roƙe ka taro ba, ban roƙe ka yanka ba. Abin da ke cikin adudu shi za ka sa mini. Ka ji?» Na ce na ji Baba. Ya ce, «Ka ji, ko ka ɗauka?» Na ce na ɗauka. Ya sake ni ya juya fuska bango.

Ranar Juma'a da hantsi ya cika. Wanda ya taɓa yin mutuwa a hannunsa ya san yadda abin yake, ba ka da lokacin kuka. Ana cewa ka sa hannu a takarda, ana cewa ina motar da za ta ɗauki gawa, waya tana ta ƙara, wannan yana tambayar wa zai sanar da masu haƙa, wancan yana tambayar makara, mata na cewa ba tabarmi, ba ruwa a tanki. Ga zafi ana yi kamar me. Kowa ya tsaya a kan a yi sallah da an sauko daga masallaci, tunda ga jama'a a haɗe. Kafin mu iso gida Ogana na ofis, mutumin kirki, ya riga ya aika kasuwa an yanko sabon farin yadi, har an kai wa tela ya haɗa. Ya miƙo mini a leda a gaban mutane ya ce wannan gudummawata ce ga Baba.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, domin na daɗe ina gaya wa kaina cewa ruɗewa ce ta sa na manta. Wallahi ban manta ba. Na shiga ɗakin baƙi, na durƙusa, na jawo adudun na buɗe. Ga shi nan, saƙar hannu, siraran ƙyallaye an haɗa su da ɗinki, ya yi ja-ja don tsufa, yana ƙamshin hayaƙi da turaren tsofaffi. Ta taga ina jiyo muryar Oga da manyan ofishinmu, ina jiyo maƙwabtan da za su taya ni wanka suna cewa a hanzarta. Abin da ya zo raina shi ne, za a ce ga mai albashi ya naɗe ubansa a tsumma ya ajiye sabon yadi. A cikin masu wankan akwai wani maƙwabcina da ba a motsi bai ce ina hujja ba, na hango kaina tsaye a tsakar gida ina ba su labarin tsamiya da goran ruwa suna duba agogo. Sai na mayar da murfin, na tura adudun ƙarƙashin gado da ƙafata. Duka abin bai kai minti biyu ba. Muka yi masa wanka, muka sa masa yadin Oga, fari tas, aka yi sallah, jama'a ta taru har ana cewa ba a taɓa ganin irinta a layinmu ba. Ni na shiga ramin na karɓe shi.

Gwaggo ba ta iso ba sai bayan la'asar, motarsu ta lalace a hanya. Ta tsufa sosai, idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya, da hannu take gane mutane. Aka shigo da ita, ta lalubo fuskata, ko gaisuwar ya haƙuri ba ta gama ba ta jawo kaina ta raɗa mini, «An sa masa?» Jama'a, da a ce ta tambaye ni washegari, ko bayan na ci abinci, wataƙila da na faɗi gaskiya. Bakina ne ya riga ni. Na ce an sa, Gwaggo. Sai ta zauna a ƙasa daɓas, ta ɗaga hannu ta ce, «Alhamdulillahi. Iya, an binne miki shi.» Ta yi kuka irin wanda ban taɓa ji a bakin tsoho ba, kuma na san ba duka na Baba ba ne.

A ƙauye muka yi sadakar uku. Gwaggo ta sa aka dama gumba ƙwarya biyu, ta aika wa liman cewa mamatan biyu ne, a yi addu'a da sunan Idi babba da Idi ƙarami. Tsofaffin garin da suka san labarin suka yi ta zuwa suna kama hannuna. Da yamma aka kwashe tuwo, ina zaune a zaure, ta fito tana bin bango da akushin nan a hannu. Na ɗauka ajiyewa za ta yi kamar kullum. Sai ta nemi ruwa ta wanke shi da kanta, ta goge da gefen zaninta, ta kife shi a kan katanga ta ce matafiyi ya iso. Abin da aka fi shekara ɗari ana yi, kalma biyu tawa ta tsayar da shi.

Tun daga ranar ban sake zama daidai ba. Ni ba mafarki nake yi ba, da ma mafarki ne da na ce shaiɗan ne na yi tofi na juya. Da rana tsaka abin ke zuwa mini. Ina cikin rubutu a ofis sai in ji an ce ka ji ko ka ɗauka, sarai da muryarsa, har in ɗago kai. In zan je gida, duk tsamiyar da na wuce a bakin titi sai idona ya kai gindinta, ni da na bi hanyar nan sau ɗari ban san akwai tsamiyoyi da yawa haka ba. In na je maƙabarta in tsaya a kan kabarin Baba, addu'ar tana fita amma ba na iya kallon ƙasar. Ɗakin baƙi kuwa na kulle shi, amma ƙamshin nan ina jin sa har falo, na tambayi yara sun ce su ba sa jin komai.

Sai na fara wani abu da ni kaina na san ba na mai hankali ba ne. In an kawo mini tuwo sai in ware malmala ɗaya, in rufe da faranti in kai bakin ƙofa, da safe in ba masu wucewa. Tunda an daina a can bisa ƙaryata, gani nake kamar mutumin yana nan a hanya kuma ba a yi da shi ba. Matata ta zuba mini ido kwana da kwanaki, ita 'yar birni ce amma ta san tuwon matafiyi, ta gan shi a gidanmu. Rannan na dawo daga aiki na tarar ta nemo makullin ɗakin, tana zaune bakin gado da adudun a buɗe a gabanta. Mun yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Ita ta tsaya a kan in je in faɗa wa Gwaggo, ni na ce tsohuwar da jininta ke hawa in na faɗa mata kasheta zan yi. Ta ce ba Gwaggo nake tausayi ba, fuskata nake tausayi, kuma abin da ya sa na tura adudun da ƙafa ranar Juma'a shi ne dai yake riƙe da bakina yanzu. Na yi fushi na fita, na yi ta zagaya gari a mota.

Kada ku ce in je wurin malamai, na je. Na sami wani dattijon malami da ba ya sanina, na zayyana masa komai. Ya ce jana'izar Baba ta inganta, sutura sutura ce, ba a tone kabari don canza likkafani, shi kuma Malam Idi Allah ya san inda ya kwanta, ba ya buƙatar ƙyalle kafin rahama ta same shi. Ya ce in yi istigfari a kan alƙawarin da na karya, in yawaita yi musu sadaka. Da na tambaye shi batun Gwaggo sai ya ce wannan kuma kai ka san tsohuwarka. Na gode masa, amma yadda na shiga haka na fito.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, makon jiya aka kira ni cewa jikin Gwaggo ya yi tsanani. Na je na same ta a kwance, ta rame, amma wallahi ban taɓa ganin fuskarta da kwanciyar hankali irin haka ba. Ta sa aka fitar da kowa. Ta ce tana da 'ya'ya maza biyu amma ni take so in tsaya a kan gawarta, ni zan zaɓi masu wanka, ni zan sa ta a rami, «domin kai na ga riƙon amanarka da idona, ko da yake ba ni da idon.» Har da dariyarta. Ta san matata na da ciki, ta ce in namiji ne ba dole sai an sa masa Idi ba, in sa duk sunan da nake so, sunan nan ya yi aikinsa a bar shi ya huta. Sannan ta ce ta sa an yanko mata nata farin, ga shi a leda ɓeraye na neman ɓata shi, in kawo mata adudun Iya ta sa a ciki tunda yanzu ba komai a cikinsa. Na ce to. Ta ce yaushe? Na ce Asabar.

Jiya bayan azahar na shiga ɗakin da niyyar in fitar da likkafanin in kai mata adudun haka nan, magana ta ƙare. Na warware shi a kan gado, karo na farko ke nan da na gan shi gaba ɗaya. Ko asu bai taɓa shi ba. In ka bi shi da yatsa za ka ji ƙananan ƙulli a cikin saƙar, wuraren da zare ya tsinke aka ɗaura, na bi su ina ƙirgawa har na rasa lissafi, ina tuna yarinya ce mai ciki take kaɗin nan tana sauraron sallama. Na ɗauke shi na rasa inda zan sa. Cikin shaddojina? Kan durowa, inda muke jefa tsofaffin takardu? Na yi tsaye da shi a hannu har aka kira la'asar, sai na naɗe shi na mayar inda yake.

Na yi tunanin in je maƙabarta in tona gefen kabarin Baba in binne shi, in ya so rabin maganata ta zama gaskiya, amma na san dabara ce irin ta gutsurar tuwo ta ƙasa. Na yi tunanin in yi shiru har ta cika, in naɗe ta a ciki ba tare da kowa ya sani ba, tunda ita ma jikar Iya ce, sai na tuna ba abin da aka ce ba ke nan, kuma amana ta biyu zan ci a kan gawa ta biyu. Matata ta ce in ajiye wa kaina, na ce ni ba sunana Idi ba, kuma ban ga da wace fuska zan shiga cikinsa ba. In kuwa na faɗa mata gaskiya, na ƙwace mata abu ɗaya da ta jira tun tana yarinya, a kwanakinta na ƙarshe, kuma na san Gwaggo, ko da rarrafe ne sai ta je ta sauko da akushin nan. In na yi shiru, za ta mutu tana sa mini albarkar da ba tawa ba, in kuma shiga raminta da hannun nan.

Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma bayan zagin ku ba ni amsa. Wanda ya taɓa riƙe tsoho a hannunsa ya gaya mini, kwanciyar hankalin da aka gina a kan ƙarya ana barin mutum ya tafi da ita, ko haƙƙinsa ne ya sani? Ba sai na buɗe baki ba ma, Gwaggo ta ɗauki adudun nan tun tana 'yar shekara bakwai, ido ne ba ta da shi amma hannunta lafiya lau, tana karɓa za ta san nauyinsa. Ranar Asabar in sa shi a mota ba komai a ciki, ko in kai mata shi yadda yake?